Ranar da Injin Mainasara Ya Ƙi Tashi

Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Yunwar da ta kwashe shanun ƙasar Daura ta same ni, ta bar ni. Sanƙarau ya shiga unguwarmu ya fita ina tsaye. Rijiya ta rufta da ni a Baure, aka tono ni ina tambayar goro. Saboda haka in na ce wani abu ya ba ni tsoro, sai a gyara zama. Mutuwar Mainasara mai jirgi ta ba ni tsoro. Wani ɓangaren da idona na gani, sauran kuwa Sufeto Harisu ne ya ba ni da bakinsa, don a zaurena yake shan fura, kuma ba kowa yake buɗe wa ciki ba sai irina.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, farkon damina, ranar wata Talata da la'asar, wani ɗan acaɓa ya faɗo caji ofis jiƙe sharkaf.

"Yallaɓai, jirgin Mainasara ya kife a dam! An ciro kowa da rai sai shi. Kuma jama'a sun kewaye makanike, za su kashe shi!"

Sufeto Harisu bai tsaya neman hula ba. Ya kira kofur, suka hau mota.

Dam ɗin yana kan hanyar Dutsi. Mainasara ne ya fara kawo jirgi mai inji wurin, yana tsallakar da mutane zuwa kasuwar ƙetare. Da Sufeto ya isa bakin ruwa, hadarin ya wuce amma sama ba ta washe ba. Ga gawa an rufe da tabarma, ƙafafu a waje. Can gefe, mutane riƙe da sanduna sun kewaye wata rumfar kwano, suna dukan ƙofar.

Wani saurayi mai jajayen idanu ya tare shi.

"Ni ne Auta, ɗan mamacin. Ba sai ka wahala ba, Yallaɓai. Baba da bakinsa ya faɗa kafin ruwa ya ci shi. Ya ce, 'Sabiru ya kashe mu.' Duk wanda ke cikin jirgin ya ji."

"Wane ne Sabiru?"

"Makaniken da ya gyara injin. Yana ciki. Mu ba ma son diyya. Ƙisasi muke so."

Sufeto ya juya ya dubi taron.

"Ba ku ne kuka yi ta kabbara ranar da aka kawo Shari'a ba? To ai da alƙalinta ta zo. Duk wanda ya ɗaga sanda, tare zan kwashe su."

Suka dare. Kofur ya fito da wani siririn mutum mai baƙin mai a farce. Sufeto ya sa masa ankwa a gaban kowa. Daga baya ya ce mini ankwar nan ce kaɗai ta hana a binne mutum biyu a ranar.

Da safe aka fito da Sabiru daga bayan kanta.

"Yaushe rabonka da injin Mainasara?"

"Tun watan jiya, Yallaɓai."

"Kofur, me mai shayin bakin ruwa ya ce maka?"

"Ya ce ranar Litinin Sabiru ya wuni a gindin bishiyar bedi da injin a buɗe."

Sabiru ya sunkuyar da kai.

"Tsoro ne, ranka ya daɗe. Fulogi na wanke, na hure kafireta, shi ke nan. A gabansa na tayar da shi, bugu ɗaya ya kama."

"Kun rabu lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Sufeto ya kafe shi da ido.

"To, mun ɗan yi cacar baki. A gaban mutane ya ce mini mai facin taya da ya tsinci sifana. Ni kuma na ce masa zai ga facin taya."

"Ga shi kuwa ya gani."

"Wallahi baki ne kawai! Ina da mata da 'ya'ya, Yallaɓai. In aka kai ni gaban alƙali da maganar mamaci a kaina, na gama."

Sufeto ya kira kofur. Ya sa aka mayar da shi.

Ya koma ƙauyen da ke bakin dam ɗin ya bi fasinjoji maza ɗaya bayan ɗaya. Bakinsu ya zo ɗaya. Tun da Shari'a ta zo, mata a gaban jirgi suke zama, maza a baya, buhuna a tsakani. Sun kai tsakiyar ruwa sai wani tsohon taru ya naɗe farfelar injin. Mainasara da kansa ya kashe injin, ya kifa cikinsa a bayan jirgi, kansa a ƙasa, yana yanke tarun. Ya gama, ya miƙe, ya ja igiyar tayarwa. Injin ya yi gur-gur-gur ya yi shiru. Ya sake ja. Gur-gur-gur. A lokacin gabas ta riga ta yi baƙi. Ya yi ta ja yana zagin Sabiru har iska ta buge su ta gefe. Masunta ne suka kwashe mutane. Shi kuwa tarun da ya yanke ne ya sarƙe masa ƙafa.

Na ƙarshe da ya gani shi ne Malam Abdulmuhaimin, wani matashin mai wa'azi da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali. Duk Juma'a bayan an sauko yakan tara layun da mutane suka tuba suka kawo, ya farke su da reza, ya ƙone a bainar jama'a.

"Allah gafarta Malam, ina ka zauna a jirgin?"

"A tsakiya, kusa da buhuna."

"Me ka gani?"

"Idona a rufe yake, ina addu'a. Ajali ne, Sufeto."

"Kana ganin makaniken yana da hannu?"

Malam ya gyara hularsa.

"Ni ban san inji ba. Amma mamaci ya faɗi abin da ya faɗa."

Daga nan Sufeto ya shiga gidan makoki don gaisuwa. Zai fita ke nan aka ce matar mamacin, Nagoggo, tana son magana da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ita tana bayan labule.

"Sannu, Inna. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, ɗana. Wata alfarma nake nema. In an ciro injin, a ba ni layar da ke jiki. Ni na ɗinke fatarta da koren zare, shekarar da ya sayi jirgin. Ita kaɗai nake so."

"Ina take a jikin injin?"

"A wata jar igiya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ba ya raba ta da injin ko da rana ɗaya."

Sufeto ya ce to. Ya gaya mini a ransa cewa ya yi, maganar tsofaffi ce kawai. Ni kuwa da ina wurin da tun a nan na kama bakin zaren, amma ba kowa Allah ya ba irin kaina ba.

Ranar Alhamis masunta suka ɗaure igiyoyi suka jawo jirgin gaɓa. Sufeto ya hana kowa taɓa injin sai Hamma, mai ɗaya jirgin da ke aiki a dam ɗin. A gabansa Hamma ya zubar da ruwan da ya shiga, ya wanke da fetur, ya shanya a rana. Ya duba fulogi, ya duba tiyon mai, ya girgiza kai.

"Ni dai ban ga ɓarna ba, Yallaɓai. Sai dai makullinsa ya tafi. Bari in sa nawa."

Ya ciro wata jar igiya daga wuyansa. A bakinta akwai wata 'yar baƙar roba mai kama da kofaton akuya. Ya cusa ta ƙarƙashin wani maɓalli, ya ja igiyar tayarwa. A ja na biyu injin ya yi tari, ya kama, hayaƙi ya turnuƙe.

Auta yana tsaye can, ya buɗe baki.

"Cire wannan abin," in ji Sufeto.

Hamma ya fizge robar. Injin ya mutu nan take.

"Yanzu ja."

Gur-gur-gur. Shiru.

"Sake."

Gur-gur-gur.

Wani fasinja da ke cikin 'yan kallo ya dafe kai. "Wallahi wannan kukan ne! Shi ne muka yi ta ji!"

"In babu robar nan ko wuni za ka yi kana ja ba zai tashi ba," in ji Hamma. "An yi ta ne don a ɗaura a hannu, in direba ya faɗa ruwa injin ya tsaya. Ni kullum nakan cire tawa in rataya a wuya."

"To ta yaya wanda ya shekara da shekaru a kan ruwa zai kasa lura babu ita?"

"Ai shi bai taɓa cire tasa ba, Yallaɓai. Layarsa ce a jiki. Ya ɗaure wutsiyar igiyar a hannun sitiyari da tsirkiyar fata, ya bar ta nan. Ina jin ya ma manta abin cirewa ne. Ga hadari a kansa, ga mata na salati, ga shi jiya-jiya aka taɓa injin. Ko ni ne, makanike zan fara zagi."

Auta ya matso. "To ruwa ne ya tafi da ita bayan an kife. Wannan bai wanke Sabiru ba."

Sufeto ya durƙusa ya duba hannun sitiyarin. Ƙullin fatar yana nan daram. Ya juya guntun da ya rage da ɗan yatsa, ya kira Auta.

"Zo ka gani. Ruwa yana tsinka abu, amma ba ya yanka shi sumul haka."

Auta ya daɗe yana kallon yankan.

Sufeto ya tuna bai ji ta bakin matan da ke gaban jirgin ba, don mazansu sun ce me mace za ta gani daga can. Ya koma ya nace. Aka ce to akwai Shatu mai daddawa, ita kullum baya take fuskanta, don in ta kalli ruwa yana tahowa jiri take yi.

Ya same ta a zaure, mijinta a gefe.

"Inna, wa ya zauna a ƙarshen jirgi, kusa da Mainasara?"

Ta dubi mijinta.

"Ni ban son abin da zai haɗa ni da malamai."

"Akwai mutum a kulle da ake neman ransa."

Mijin ya yi ajiyar zuciya. "Faɗa masa, Shatu."

"Malam Abdulmuhaimin ne. Gwiwarsa na gugar ta Mainasara. Tun kafin mu tashi ya nuna layar ya ce, 'Cire wannan shirkar, ka ɗauko rayukan Musulmi.' Mainasara ya yi dariya ya ce, 'Malam, kai da wa'azinka, ni da jirgina.'"

"Sai kuma me?"

"Da Mainasara ya kifa kai yana cire taru, mazan duk sun juya suna kallon hadari. Na ga hannun Malam ya je wurin injin ya dawo, ya shige aljihu. Ban san me ya ɗauka ba."

"Daga nan fa?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Abin da ya hana ni barci ke nan. Da iska ta taso, kowa ya riƙe bakin jirgi da hannu biyu. Shi da hannu ɗaya ya riƙe. Ɗayan yana cikin aljihu. Mainasara na ja, yana ja, yana kuka kamar yaro, shi kuma yana kallonsa. Har muka kife hannun bai fito ba."

Kofur ya so a tafi gidan Malam nan take. Sufeto ya ce a'a.

"In muka je da hayaniya ba za mu samu komai ba. Gobe Juma'a."

Wannan ɓangaren ba labari aka ba ni ba. Ina wurin, a sahun gaba, inda ya dace da ni. Bayan an sauko daga masallaci jama'a suka taru a fili kamar yadda aka saba. Sama ta sake haɗa baƙi daga gabas, iska ta ɗauke ɗif. Malam Abdulmuhaimin ya zazzage jakar layu a ƙasa. Amma ranar bai farke ko ɗaya ba, bai karanto abin da ke ciki ana dariya ba. Wa'azin ma gajere ya yi. Ya zuba kananzir, ya ƙyasta ashana.

Ƙonannar fata tana da warinta, takarda tana da nata. Sai ga wani wari daban ya taso, warin roba. Ni na fara jinsa, hancina bai taɓa yaudarata ba, amma na bar wa hukuma aikinta.

Sufeto ya ratsa mutane cikin farar riga, ya karɓi sandata, ita wannan da nake dogarawa har yau, ya tone wutar. Daga can ƙasa ya jawo wani abu yana hayaƙi. Jar igiya ce, rabinta ta narke. Ga 'yar roba mai kofaton akuya. Ga laya, ɗinkinta da koren zare.

Ya ɗaga ta sama a bakin sandar.

"Auta, ka san wannan?"

"Ta Baba ce. Ɗinkin Inna ne."

"Malam, wa ya tuba ya kawo maka wannan?"

"Mutane da yawa ke kawowa. Ba na riƙe sunaye."

"Mai ita yana kabari tun Talata. Ka ce mini a tsakiya ka zauna. An gan ka a baya. An yanke tsirkiyar da reza. Ina rezarka?"

Malam ya dubi jama'a. Babu wanda ya kawar da kai. Tsohon limamin garin ya matso da ƙyar, ya tsaya a gabansa.

"Abdulmuhaimin, ni na raɗa maka suna. Faɗi gaskiya."

Malam ya zauna a ƙasa, kusa da tokar.

"Layar kawai na nufa, Baba. Na yanke, na ja, sai ta taho da robar. Wallahi ban san ta inji ba ce."

"Da farko," in ji Sufeto.

"Da farko. Da ya ja sau uku bai tashi ba, na dubi wurin da na cire ta, na gane."

"Tana aljihunka. Miƙa hannu kawai za ka yi."

"In na mayar da ita injin ya tashi fa? A gaban mutanen da na shekara ina gaya wa laya ba ta amfana komai? Kafin magariba duk ƙasar nan za a ce layar Mainasara ce ke tuƙa jirgi, Malam ya cire ta inji ya mutu, ya mayar da ita inji ya tashi. Wa zai tsaya ya ji zancen roba? Na ce a raina bari ya ƙara ja ɗaya, wataƙila ya kama. Bari ya ƙara ɗaya. Sai iska ta zo."

"Me ya hana ka jefar da ita daga baya?"

"Ban san abin da ke ciki ba. In aya ce, ba a yar da ita a juji. Sai dai wuta."

Liman ya daɗe yana dubansa.

"Ka ji tsoron yar da takarda a juji. Sabiru kuma da ka bari a kulle, ana wasa masa wuƙa, shi a ina ka yar da shi?"

Auta ya yunƙura, mutum biyu suka riƙe shi. Sufeto ya tsaya tsakani.

"Abin da na faɗa ranar Talata shi ne yau. Akwai alƙali."

Ankwar da aka sa wa Sabiru ita aka sa wa Malam. Kofur ya kama hannunsa zuwa mota, jama'a suka dare. Ana rufe ƙofar motar ɗigon ruwan farko ya sauka a kan tokar.

A yammacin nan aka saki Sabiru. Auta ya je har ƙofar caji ofis ya tsaya, ya kasa haɗa ido da shi. Sabiru ne ya fara miƙa hannu, ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba. Fulogin nan dai na wanke shi da kyau."

Bayan an gama shari'a, Sufeto da kansa ya kai wa Nagoggo layar. Ta karɓa ta bayan labule, ta shafa ɗinkin.

Yawancin waɗanda na ambata a nan na raka su makwancinsu, ni kuwa ga ni, haƙorana ma ba su gama zuba ba. Har yanzu nakan shiga jirgi a dam ɗin in tsallaka kasuwa, kuma ruwa bai isa ya razana ni ba. Amma ba na kallon hadari, ba na sauraron inji. Baya nake fuskanta kamar Shatu, ina ƙirga hannayen da ke riƙe da bakin jirgi.